Gurbin Mai Riƙo

"Malam, don Allah ka goge kafin ta gani."

Tun daga unguwar Shango matar ta taho tana haki, a kan bayanan yarinyar da take riƙo. Makarantar yarinyar ta haɗe bayanan ɗalibai a intanet, lambar sirri ɗaya ke buɗe komai, har tsohon fom ɗin firamare. A cikin na yarinyar an rubuta: uwa, marigayiya; mai riƙo, ƙanwar uwa. Shekara goma sha biyar yarinyar tana kiran matar Mama, ba wanda ya gaya mata ba ita ta haife ta ba.

Malamin kwamfuta ya duba.

"Madam, ai ta shiga shafinta tun Litinin."

Matar ta matso kusa da shi.

"Har gyara ta yi." Ya juyo mata da kwamfutar.

Yarinyar ba ta taɓa sunan marigayiya ba. "Mai riƙo" kawai ta goge, ta rubuta "uwa".