Mai Ɗaga Faifai a Ƙofar Inji

Sagiru, tunda kai sabo ne a ofishin nan, ja kujera ka ji zaluncin da aka yi mini kafin maƙiya su riga ni zuwa kunnenka. Shekara ashirin da biyu ina rubuta manhaja, tun waɗannan masu dariyar ba su san inda ake kunna kwamfuta ba. Yau ni ne in na shigo ake yi wa kukan 'yan tsaki daga bayan tebura. Ni ne aka kafa wa doka, wai kada in ƙara taɓa aiki sai mutum biyu sun duba. Ko ɓarawon akuya ranar kasuwa bai ga wulaƙancin da na gani ba.

Kuma a kan me? Wata mai kiwon kaji, Hajiya Uwale, ta shiga manhajar da muka yi wa wata gona, ta nemi 'yan tsaki talatin. Gonar kan ƙara biyu gyara. Sai mota ta sauke mata ɗari uku da biyu, alhali akurkinta na arba'in ne. Suka cika tsakar gida, har cikin takalman maigidanta. Ta bugo waya ta ce, "Ku zo ku kwashe 'ya'yanku, ni ban ce na buɗe gidan marayu ba."

Ka san halin harshen da muke rubuta shiri da shi, ba ya tambayar abin da ka zuba masa. Ka ba shi lamba talatin da lamba biyu, ya haɗa maka talatin da biyu. Amma in talatin ɗin ta zo a matsayin rubutu, kamar yadda take fitowa daga gurbin da mutane ke cikewa a waya, sai ya jera su kawai: uku, sifili, biyu. Shi ya sa ake ajiye wani ɗan kundi a bakin hanya, laburare muke ce masa. Namu layinsa bai kai sittin ba, kuma tambaya kaɗai ya iya. Wannan lamba ce? Rubutu ne? Ko ba komai a ciki? Bari in buga maka misali, don ni ba a raba ni da hikima ko ina cikin baƙin ciki.

An yi wani mai injin niƙa a wata unguwa, ya gaji injin daga mahaifinsa, ya gaje shi tare da wani tsoho da ke zama a bakin ƙofa. Aikin tsohon ɗaya ne. Duk ƙwaryar da aka kawo, sai ya ɗaga faifan da aka rufe ta da shi, ya sa hannu, ya ce dawa ce, ko gero ne, ko wake ne, sannan a shigar. Ba ya niƙa, ba ya tankaɗe, ba ya gyaran bel. Mai injin ya dube shi wata rana yana cin tuwon rana, ya ce a ransa, ni da nake gane ƙwaryar kowane gida tun daga nesa, me zan yi da mai ɗaga faifai? Ya sallame shi. Wata guda cur ba abin da ya faru, har mai injin ya fara ba maƙwabta shawara su ma su rage ma'aikata.

Ana nan sai wani gida aka yi haihuwa, aka aiko ƙwarya biyar don tuwon suna. Huɗu jar dawa ce. Ta biyar kayan yajin mai jego ne, barkono da citta da masoro, a ƙwarya iri ɗaya, da faifai iri ɗaya. Mai injin, fuska ɗaure da ƙyalle, ido a kan titi yana gaisawa da masu wucewa, ya juye su duka. Inji kuwa ba ya musu, abin da ka ba shi shi yake niƙawa. Gari ya fito ja kamar kullum. Sai ranar suna, da dattawa suka kai loma ta biyu, aka ga hawaye na bin gemu, kowa na neman buta. Aka zargi masu tuƙi, aka zargi miya, dangin miji da dangin mata suka kwana biyu ba sa gaisawa. Da aka bi sawu aka iso ƙofar inji, tun daga ranar mata suka koma kai niƙa unguwar gaba.

Na ga kana kallona, Sagiru, kana so ka tambayi wa ya sallami namu tsohon. Da abin ya faru, na ce laifin sabis ne, ba a yarda ba. Na ce yatsun Hajiya ne suka zame. Na ce direba ne bai iya ƙirga ba, har bawan Allah ya yi rantsuwa. Sai shugabar sashenmu, Malama Hansatu, wadda ba ta da tausayin manya, ta buɗe tarihin aikin a babban allo gaban kowa. Ashe watan jiya wani gwani ya zauna yana rage wa manhajar nauyi, ya ga ɗan laburaren, ya goge shi, ya bar bayani a ƙasa: "An cire tarkace, mai ilimi ba ya bukatarsa." Kusa da bayanin ga suna, ga ɗan hoto, mutum kyakkyawa cikin hula zanna. Ni ne. Hoton dai ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida.

Da hannuna na mayar da layukan nan kusan sittin, ina yi musu sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.