Hujja a Bakin Ruwan Wara

Baƙin suna saukowa daga mota a bakin ruwan Wara, likitan garin ya hango wata tsohuwa, ruwa har ƙugunta, tana ta wanki.

Saboda takardar bincikensa suka zo. A ciki ya rubuta cewa wayar da kan da ya yi ta raba mutanen garinsu da shiga tafki, har cutar tsargiya ta ja baya. Masana sama da ɗari huɗu sun kafa hujja da ita. Idan baƙin suka gamsu yau, za su gina masa asibitin da yake mafarki.

"Wace ce waccan?" shugabar baƙin ta tambaya da Turanci.

"Baƙuwa ce," ya ce. "Ba 'yar garin nan ba ce."

Tsohuwar ta ɗago, ta kare rana da hannu.

"Auta, ba ka gaida innarka? Tuɓo rigar ga in haɗa da gajeren wandonka." Ta ɗaga wandon sama, yana ɗiga.

"Me ta ce?"

Ya gyara tabarau.

"Ta ce ita ma ta karanta takardar."