Masuncin da Ya Yi Huɗa da Kwalekwale

Kai da kake rantsuwa cewa a kan sana'ar kakanka za a binne ka, gyara zama ka ji labarin wani masunci.

Garinsu ruwa ne ya kafa shi. Tsofaffi sun ce a da can tafkin har gindin dutsen da ke bayan gari yake kaiwa, kuma shaida tana nan, don har yau in an tona ƙasa a wajen sai a ci karo da ɓawon katantanwa. Sai damina ta fara rowa, shekara ta bi shekara, tafki ya dinga ja da baya kamar saurayin da ya hango surukinsa a hanya. Gari ya tashi ya bi shi, ya ƙara ja, aka sake binsa, har mutane suka gaji da ɗaukar jinka a ka. Inda ruwan ya bari ta arewa ƙasa ta yi fari fat da kanwa, mutanen can suka zama fataken kanwa. Ta kudu kuwa baƙar laka ya bari mai danshi, wadda ko tsakuwa ka jefa mata sai ta yi niyyar tsiro, mutanen nan suka rataye taru suka ɗauki fartanya. Saura mutum ɗaya. Shi wannan in zai yi magana sai ya yi gyaran murya, ya ɗaga haɓa sama kamar raƙumi ya ji ƙamshin gawo, ya ce shi jikan masu ruwa ne, hannun da ya riƙe filafili ba zai riƙe ƙotar fartanya ba, noma aikin wanda bai iya iyo ba ne. Tafkin kuma, in ji shi, ziyara ya tafi, yana nan dawowa.

Kullum da sassafe sai ya ɗaura wa jakinsa kwalekwale, su ja shi a kan lakar nan zuwa inda ruwan ya gudu, la'asar sakaliya su dawo da 'yan karfasa waɗanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta karɓa. Rumbunsa kuwa gizo-gizo ne kawai ke kwana a ciki. Matarsa ta duba yara, ta duba tukunya, ta ga in aka bi ta maigida bana yunwa ce za ta gaji gidan. Ta yi magana ya ce ta raina asalinsa. Ran nan ta raka shi bakin gari, sai idonta ya sauka a kan layin da gindin kwalekwalen ke tsagawa a ƙasa, mai zurfi, miƙaƙƙe, wanda garmar shanu ma sai ta yi kishi. Washegari ta ƙulle irin masara a haɓar zane, ta bari ya yi nisa, ta bi sawunsa tana jefawa tana rufewa da dunduniya. Da gari ya sake wayewa ta ce, "Maigida, yau ka ɗan karkata dama kaɗan, masu kiwo sun ce ruwa ya fi kusa ta nan." Ya ce ita me ta sani a harkar ruwa, sannan ya karkata. Washegari ma ta ce ruwa ya ƙara matsawa dama. Haka ruwan nan ya yi ta matsawa taki kaɗan-kaɗan a bakin matar, har jaki da ubangidansa suka huɗe filin da gayya guda ba za ta gama shi ba.

Da tsiro ya fito kore shar, mutumin ya tsaya a kai ya yi hamdala. Ya tara jama'a ya ce ga abin da yake faɗa, ciyawar ruwa ce ta fito, tafki ya aiko da saƙo. Ya hana kowa taɓa ta. Akuyar da ta kusanto sai ta sha filafili a gadon baya, kamun kifin ma ya daina zuwa don gadi. Ciyawar ruwa ta yi kara, ta yi tuta, ta yi goyo bibbiyu. Ya ɓare ɗaya, ya daɗe yana kallonta, ya waiga ya kalli matarsa, ita kuwa ta duƙufa tana gyara ɗaurin zane kamar ba a garin aka haife ta ba. Ranar girbi aka rasa abin da zai kwashe amfanin, sai kwalekwalen nan. Tun da aka sassaƙa shi bai taɓa cika irin ta ranar ba. Maigida ya haye bisa masarar da filafilinsa a hannu, jaki na ja, yana ɗaga wa mutane hannu. Da manoma suka zo roƙon ya bi ta gonakinsu baɗi, ya yi gyaran murya ya ce, "Zan bi, amma duk wanda ya kira shi noma ban yafe ba. Gwajin jirgi ne." Suka ce gwajin jirgi ne mana, ranka ya daɗe.

Ƙasa da sama ba sa neman shawarar kowa kafin su juya. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.