Sabon Guga a Rijiyar Dattijo

Kai da za ka fara fita ɗibar ruwan gwaji, ka riƙe wannan. An taɓa tura wani ma'aikaci wani ƙauye ya ɗebo ruwan rijiyoyi, saboda ana zargin maganin feshin gona yana tsiyaya cikin ƙasa. Ya san aikinsa. Kwalabensa a rufe suke, abin ɗibarsa a wanke cikin leda, igiyarsa ba ta taɓa shiga wata rijiya ba. Ya isa rijiyar wani dattijo wanda ya haƙa ta da hannunsa shekara talatin da suka wuce, kuma rabin ƙauyen a nan suke sha. Yana kwance igiya sai dattijon ya riƙe masa hannu, ya ce, "Haba ɗana, baƙo ya ja ruwa a ƙofata ina tsaye? So kake a yi da ni a kasuwa?" Gugan da ake ja da shi kullum ya tsufa, duk faci ne, dattijon kuwa ya ji nauyin fito da shi gaban mutumin birni. Sai ya shiga gida ya ɗauko sabo, wanda ya yanka a makon nan daga jarkar maganin feshi, ya cuɗe da toka, bai ko taɓa zura shi ba. Ma'aikacin ya ga ragowar takardar a jikin jarkar. Ya dubi furfurar mutumin, ya dubi jama'ar da ta kewaye su, ya ce a ransa ai an wanke. Ya miƙa kwalba, aka cika masa, ya yi godiya.

Sakamakon gwajin ya nuna guba. Hukuma ta zo ta cike rijiyar da duwatsu da ƙasa, ta shafe bakinta da siminti. An yi alkawarin famfo, rani ya riga shi zuwa. Mata suka koma kududdufin bakin fadama, inda ruwan gonakin da ake fesawa yake taruwa da gaske, inda shanu ma suke sha. Kafin damina an kai yara uku makwanci. Da ma'aikacin ya ji, ya tuna da sabon gugan nan, ya koma da niyyar sake ɗiba da nasa kayan, sai ya tarar babu abin da za a zura wa igiya. Dattijon yana zaune a kan simintin, ya rame, mutane sun daina tsayawa gaishe shi. Duk da haka ya sa aka kawo wa baƙo ruwa a kwano, ja wur, na kududdufi. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai ilimi, gaya mini. Ashe shekara talatin guba nake shayar da mutane ina tsammanin lada?" Kalma ɗaya ce ta gagari ma'aikacin ran farko, "a'a". Yau kuwa ko ya faɗi dubu, ba za su buɗe rijiya ba, ba za su ta da yara ba. Ya riƙe kwanon, bai sha ba, bai ajiye ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.