Haƙoran Likita

Yayata tana kwance a kujerar likitan haƙori, bakinta cike da auduga, likitan ya ce yana son aurenta. Tun da ta faɗi a babur ta rasa haƙoran gaba, kuɗi bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Shi ya dasa mata sababbi, ita kuma takan raka shi otal a ƙarshen mako.

Ta zare audugar a hankali. "Aure fa ka ce, Likita?"

"To me ya rage? Ko mota ce, in ka gaji da haya sai ka saya." Ya ƙwanƙwasa haƙorin da ɗan ƙarfensa. "Murmushin nan aikina ne, wani ƙato ba zai more shi ba. Ki gaya wa Inna ita ma zan dasa mata, a madadin sadaki."

Ta dube shi, ta tofar da yawu.

"Ni na yi cinikin nan, ban sa uwata a ciki ba. Cire kayanka."

"Za ki koma wawulo fa!"

"Giɓin dai nawa ne," ta ce, ta buɗe masa baki.