Sanyin Tudun Tasmaniya

Noeline ta ajiye gasasshiyar agwagwa da naman kaza gaban baƙon, ta tsiyaya masa jar giyar inabin gonarsu. Yayyenta sun riga sun sayar masa da gonar inabin mahaifinsu ba da son ranta ba. Fatanta kawai ya riƙe gonar da daraja.

"Kurɓa ka bi da naman, Mista Aldous. Sanyin tudun nan ke sa inabinmu ya nuna a hankali."

Ya kurɓa, ya lumshe ido. "Ban taɓa shan irinta ba. Ki adana sauran kwalaben da kyau."

"Saboda me?"

"Ai sanyin muka saya, Madam. Rumbun kwamfutoci za mu gina, ba sa son zafi. Ranar Litinin za a fara tumɓuke itatuwan."