Abin da Gara Ta Bari

Marowaci ne, kuma rowar littafi ta fi ta abinci muni. Rabin rayuwarsa yana sayen littattafai a kasuwar birnin Semarang, ya shinshina ƙamshinsu, ya jera a kabad, ya kulle. Shi bai karanta ba, bai bar wani ya karanta ba. Ko bayan damina, da kowa ke fito da nasa su sha iska, nasa suna kulle.

Ranar da ya yi ritaya ya kira ƙanwarsa ta ga yadda zai fara karatu. Ya zaro na farko, sai ya ji shi sakayau kamar busasshen ganyen ayaba. Bango ne kawai. Gara ta shigo ta bayan kabad, ta cinye cikinsu kaf, ta gina gari guda na jar ƙasa: tituna, gadoji, benaye hawa-hawa har sama.

"Ikon Allah!" in ji ta. "Yaya, ashe ka samu masu karanta maka."

"Ko ɗaya bai tsira ba?"

"Sai wanda na sace maka tuntuni. Duk ya yi man kwakwa, don babu hannun da bai taɓa shi ba a unguwar nan."

"Kawo mini abina."

"Ka bi layi. Mutum huɗu ne a gabanka."

Haka ya ƙare: mai littafi dubu yana jiran aron nasa guda ɗaya.